Injin ban-ruwa na fetur ko na sola?

Malam, a kan tambayarka ta injin da za ka saya wa garkar albasarka a Aliero, ni dai sola zan ce maka. In kuɗin bai cika ba, ku haɗa hannu da maƙwabcin gonarka ku saya tare, ku riƙa yin karɓa-karɓa.

Nawa yana fadamarmu ta wajen Argungu. Faifan sola ne a jere bisa ƙarfe, an ɗan karkata su suna duban kudu, sai kwantirola, wato na'urar da ke daidaita wutar, sai sumo, wato famfon da ake zurawa cikin ruwa, a cikin rijiyar burtsatse. Babu batir, kuma kada wani ya ce maka sai da shi, rana ce ke tuƙa famfon kai tsaye. Da hantsi za ka ga tiyo ya fara kumbura, ruwa na zuwa a hankali, kafin azahar ya cika bakinsa taf. Ranar da muka fara kunna shi, mahaifina ya zo ya tsaya bakin fangali yana waige-waige, wai ina injin yake, tunda bai ji ƙara ba. Mutumin da ya yi ban-ruwa da jigo tun yana saurayi! Da na nuna masa faifan, bai ce komai ba, ya tsuguna ya yi alwala da ruwan, ya sa albarka. Abin da ya fi burge ni shi ne a watan Maris da Afrilu, lokacin da ƙasa ke shanye ruwa nan take, lokacin ne rana ta fi ƙarfi, famfon kuma ya fi ba da ruwa.

Na fetur fa, a ba shi haƙƙinsa, yana da arha wajen saye, yana tura ruwa da ƙarfi, kuma ko da asuba za ka tayar da shi. Iyakarsa ke nan. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015 noman rani ya bunƙasa, injuna suka cika fadamu, amma a lokacin mai na da sauƙi. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ka ɗora kuɗin bakanike da filogi da baƙin mai a kai. Kuma wallahi yana ci mini rai in ga an juye tsohon baƙin mai a bakin rijiya ko gefen gulbi. Ruwan nan shi muke sha, shi dabbobi ke sha, cikinsa masunta ke neman abinci.

Sola ma yana son kula. Lokacin hazo ƙarfinsa na raguwa, sai ka riƙa goge faifan da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin su yi zafi. Ɓarayi na son su, don haka ka yi musu walda a jikin ƙarfe ko ka sami mai kwana a wurin. In shinkafa ce mai faɗin gaske, ƙaramin sola ba zai riƙe ta ba, amma albasa ai daidai ita.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu 'yan kasuwa. Akwai masu manna takardar wat 300 a bayan faifan da bai kai haka ba, akwai masu wanke tsoho su ce sabo ne. Ka tafi da mai gyaran wuta naka, ba nasu ba, ya fitar da kowane faifai cikin rana ya auna da mita a gabanka. Ka duba gilashin ko akwai tsagewa ko tabon ƙuna. Ka tabbatar kwantirolan na kashe famfo da kansa in ruwan rijiya ya ja baya, in ba haka ba sumo zai ƙone. Ka auna zurfin rijiyarka kafin ka je, don da shi ake zaɓar famfo. Wanda ya ƙi rubuta maka rasit da garanti, ka bar masa kayansa ka ƙara gaba.