Shagunan haɗa takardun asali a bakin kotu: hannunsu da sauri, shawararsu da gyara

Duk sanda kakar zaɓe ta ƙarato, shagunan buga takardu da ke kewayen kotuna da sakatariyoyin ƙananan hukumomi a Kaduna sukan cika maƙil. Kwamfuta biyu, injin fotokwafi, ƙaramin janareto yana ƙugi a ƙofa, ga yaron shago riƙe da fayil yana tarar mutane: "Alhaji, rantsuwar shekaru ce ko indijin?" Abin da suke sayarwa kusan iri ɗaya ne: su buga maka takardar rantsuwar shekaru, su raka ka gaban kwamishinan rantsuwa, su cike maka fom ɗin hukumar ƙidaya ta intanet, su kuma nuna maka hanyar samun takardar asalin ƙaramar hukuma. Ga mai neman aiki ko gurbin karatu, hidimar ta wadatar. Ga mai shirin tsayawa takara, akwai magana.

A fara da yabo, don sun cancanta. Sun san jerin matakai fiye da yawancin masu zuwa wurinsu. Za su gaya maka cewa ba kai za ka rantse a kan shekarunka ba, sai mahaifi ko mahaifiya ko wani babba a dangi da ya girme ka. Za su ce ka zo da hotunan fasfo da lambar NIN, ka biya kuɗin kotu ka karɓi rasit, a buga hatimi, sannan a ɗora takardar wajen neman shaidar haihuwa daga hukumar ƙidaya. Wannan shaida ita ce hanyar manya da ba a yi musu rajista suna jarirai ba, musamman waɗanda aka haifa kafin dokar tilasta rajistar haihuwa ta 1992. A kan takardar asali ma sun san cewa daga mai unguwa ake farawa, a bi ta dagaci da hakimi, kafin a kai ga ƙaramar hukuma. Wanda ya zo da komai a hannu da safe, kafin la'asar ya gama da ɓangaren kotu.

Inda suke tuntuɓe shi ne da zarar kwastoma ya ce, "Malam, wannan ta isa ta nuna ni ɗan ƙasa ne?" Amsar da aka saba ji ita ce, ai tunda an rubuta an haife ka a Tudun Wada ko Kawo, magana ta ƙare. Ba haka doka ta ce ba.

Sashe na 131 na kundin tsarin mulkin 1999 ya gindaya wa mai neman shugabancin ƙasa sharuɗa huɗu: ya zama ɗan Nijeriya ta haihuwa, ya kai shekara 35 (da 40 ce, aka rage a 2018), wata jam'iyya ta tsayar da shi, kuma ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. Kalmar "ta haihuwa" ce ke ruɗa mutane, suna ɗauka ana nufin inda aka binne cibiya. Sashe na 25 ya fayyace, kuma jini yake bi. Wanda aka haifa a Nijeriya kafin 1 ga Oktoba 1960, sai ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma ta asalin ƙasar. Wanda aka haifa a nan bayan wannan rana, sai ɗaya daga iyaye ko kakanni ya kasance ɗan ƙasa. Wanda aka haifa a waje kuwa, uwa ko uba ɗan Nijeriya ya wadatar.

Ke nan yaron da aka haifa a Jidda ko Maraɗi, muddin mahaifiyarsa 'yar Zariya ce, ɗan ƙasa ne ta haihuwa, yana iya neman kujerar shugaban ƙasa. Wanda kuma aka haifa a asibitin Barau Dikko, amma iyaye da kakanni duk baƙi ne, takardar haihuwarsa ta gaskiya ce, sai dai ba ta mayar da shi ɗan ƙasa ba. Ga wani lungu da kusan babu mai shagon da ke lura da shi: ga wanda aka haifa a waje, kaka kaɗai ba ta isa ba. Idan kakarsa ce 'yar Nijeriya ba iyayensa ba, hanyarsa ita ce rajista a ƙarƙashin sashe na 26, kuma ɗan ƙasa ta rajista ba ya zama shugaban ƙasa, ba ya zama gwamna (sashe na 177 ma haihuwa ya nema). Majalisa kam ƙofarta a buɗe take gare shi, amma sai bayan shekara goma da yin rajistar. Haka nan wanda ya samu zama ɗan ƙasa bayan zaman shekara 15 a ƙarƙashin sashe na 27.

Masu shagon, da alama, tsarin Amurka ne ya zauna musu a kai, inda haihuwa a ƙasar ke ba mutum 'yancin zama ɗan ƙasa. Shi ya sa cacar bakin da aka yi a kan Barack Obama ta tsaya a kan ko a Honolulu aka haife shi a 1961, har ya fitar da cikakkiyar takardarsa a Afrilun 2011. A nan gida, tambayar kullum ita ce ɗan wane ne kai. Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, an tisa ƙeyarsa zuwa Chadi a 1980 bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne; kotu ta dawo masa da haƙƙinsa, kuma asalin mahaifiyarsa na cikin abin da ya tsaya masa. A 2019 kuma APC ta ce Atiku Abubakar ba ɗan ƙasa ba ne ta haihuwa, don a Jada aka haife shi a 1946, lokacin yankin yana cikin Arewacin Kamaru da Birtaniya ke riƙo. Yankin ya zaɓi Nijeriya a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, ya shigo a 1 ga Yuni, ya zama Lardin Sardauna. Hujjar ba ta kai labari a kotu ba. Irin wannan tambaya, takardar rantsuwa ta shafi ɗaya ba ta amsa ta.

Sai aibin da ya fi yawa, wato aikin gaggawa. Takarda ɗaya ce a kwamfuta ake ta sauya suna a kanta. Ka duba da kyau, ba abin mamaki ba ne ka tarar da "ɗiyata" a rantsuwar namiji, ko sunan ƙaramar hukumar wanda aka yi wa kafin kai. Idan mutum bai san ranar haihuwarsa ba, sai a lafta masa 1 ga Janairu, alhali takardar firamarensa wata rana ta nuna. Sunaye kuwa sai addu'a: Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a takardar WAEC, sunan gari ya maye sunan uba a katin zaɓe. Mai neman aiki zai iya wucewa da wannan. Ɗan takara kuwa rantsuwa yake yi a kan fom EC9 na INEC, a kafe shi kowa ya gani, kuma sashe na 137 ya haramta takarar shugaban ƙasa ga wanda ya miƙa takardar jabu. A 13 ga Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta rushe nasarar David Lyon a zaɓen gwamnan Bayelsa ana gobe rantsar da shi, saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa.

Batun fasfo biyu, wato zama ɗan ƙasashe biyu, shi ma ana ba da fatawa a kansa a shagunan nan babu lasisi. Wasu su ce ya haramta ɗungurungum, wasu su ce a ɓoye kawai. Sashe na 137 ya ambaci karɓar zama ɗan wata ƙasa da son rai, amma ya rataya hakan a kan sashe na 28, wanda bai ƙwace wa ɗan ƙasa ta haihuwa matsayinsa ba. Ɓoyewar ce ke da haɗari, don ita ke zama ƙarya a cikin rantsuwa.

A ma'auninmu, bugu da rakiya sun ci huɗu cikin biyar, shawarar doka ɗaya ma da ƙyar. Mai niyyar takara ya yi amfani da su wajen bugu kawai. Ya jera takardunsa duka a tebur, ya daidaita suna da ranar haihuwa harafi da harafi kafin a buga sabuwa, ya karanta kowane layi kafin dattijon da zai rantse ya sa hannu, ya ajiye rasit na kotu, ya kuma nemi shaidar asalin mahaifi ko mahaifiya, ba tasa kaɗai ba. Lauya ya duba fayil ɗin kafin zaɓen fid da gwani, domin ƙarar da ta shafi kafin zaɓe kwana 14 kacal sashe na 285 ya ba ta, kuma abokin hamayya a cikin jam'iyya yakan fara ƙirga tun ranar da aka kafe fom.