Wata bakwai ina aiki da na'urar karanta lambobin matsalar giyar inji

Ni ne nake kula da injuna huɗu a wani ramin burji da ke bayan garin Kano: feloda biyu, gireda ɗaya da katafila ɗaya. Ba mai rewaya ba ne ni, bakanike ne na dizal, sai dai injunan zamani sun tilasta wa irinmu koyon waya ko muna so ko ba ma so. Wata bakwai ke nan da maigida ya amince ya sayo mana na'urar nan da ake jona wa inji ta karanto abin da ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar da ke cikinsa, ta rubuta. Irin ta gama-gari ce, ƙirar Sin, ba ta kamfanin da ya ƙera injin ba. Abokan sana'a sun dame ni da tambaya ko ta ci kuɗinta, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abin da ya jawo sayen ta feloda ɗaya ce da ta ishe mu. Da safe lafiya ƙalau take lodi, amma da zarar rana ta take, sai fitilar gargaɗi ta kama, giya ta maƙale a ta biyu ta ƙi gaba. Ofareta ya kashe, ya jira, ya tayar, ta yi kamar ba ita ba. Direbobin tifa kuwa suna layi suna ƙunƙuni. Kafin na'urar ta zo mun juye man giya, mun canja filta, har na je kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo sansa, wato ɗan abin da ke auna saurin juyawa, na ɗaura. Duk a banza.

Ranar da na fara jona ta a soket mai fil tara da ke ƙarƙashin dashbod, ta nuno SPN 191, FMI 2. Wannan tsarin J1939 ne, wanda manyan injuna da yawa suke magana da shi. Lamba ta farko tana faɗin abin da ake ƙorafi a kansa, 191 kuwa saurin juyawar shaf ɗin da ke fitar da ƙarfi daga giyabos ne. Da 161 ce, da shaf ɗin shiga ake nufi, 177 kuma zafin man giya. Lamba ta biyu ita ce ke faɗin irin ciwon: 3 wuta ta yi yawa a layin, 4 ta yi ƙasa, 5 layin ya yanke, 2 kuma saƙon yana zuwa yana ɗaukewa, ko yana zuwa a hargitse. Wannan lamba ta biyu ita mutane suke tsallakewa, kuma a nan kuɗi ke zubewa.

Yaron da ke taya ni na ganin sunan sansa a allo ya ce, "Oga, ashe wanda muka sa ma jabu ne."

Na ce masa ya dakata. Na'urar ba ta ce sansa ya mutu ba. Cewa ta yi ƙwaƙwalwar giya ba ta gamsu da saƙon da ke iso mata ta wannan layi ba, tsakanin sansa da ƙwaƙwalwa kuwa akwai waya mai tsawo da soket biyu. Sansan namu mai waya biyu ne, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, haƙoran giya na wucewa ta bakinsa yana ƙirgawa. Idan ƙirgen ya ɗauke, ƙwaƙwalwa ba ta san saurin da injin ke tafiya ba, sai ta ƙi canja giya don kada ta ƙone kulochi. Wato maƙalewar da muke zagi, kare kanta take yi.

A nan na'urar ta burge ni. Tana da shafin da ke nuna lissafin sansa kai tsaye yayin da inji ke tafiya. Na hau kusa da ofareta, na riƙe ta a cinya, muka zaga fili. Lamba tana hawa daidai, da muka faɗa wani gargada sai ta faɗo sifili ta dawo cikin ƙiftawar ido. Muka tsaya, muka kashe, na sa mita a layin ina auna yadda yake tare wuta, yaron yana bin damin wayoyin yana girgizawa taƙi-taƙi. Yana isa inda damin ya ratsa bayan wani ƙarfe kusa da gwiwar injin, mita ta yi tsalle. Ƙarfen ya ci rigar waya, zaren tagulla biyu ko uku ne kawai suka rage. Da zafin rana roba ta saki, jijjiga ta ƙarasa. Gyaran bai kai awa ɗaya ba. Tsohon sansan da muka cire yana nan a akwatina, na auna shi, lafiyarsa ƙalau.

To amma tana da nata halin. Allonta ba ya ganuwa a rana, sai na lulluɓe kai da riga kamar mai hoton da. Wayar jonin ta fara tsagewa a wuya tun wata na uku, yanzu tef ne ke riƙe da ita. Bayanin da take bayarwa gajere ne, Turanci ne kuma mai karkata, ba ta nuna zanen wayoyi, ba ta faɗin kalar waya ko lambar fil. Wanda ba shi da littafin injinsa zai sha wahala. Sabunta manhajarta kuma da dala ake biya duk shekara, abin da mai sayarwa bai ambata ba sai da kuɗi suka shiga hannunsa.

Babban gibinta shi ne saitin kulochi. Bayan an buɗe giyabos ko an canja solonoyid, wato bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa mai hanya, akwai injunan da sai an sake koya wa ƙwaƙwalwa lokacin da kowane kulochi ke cika da mai. Tamu ba ta iya wannan ba, karatu da gogewa kawai ta sani. Tsohuwar katafilarmu ma ko gaisawa ba su yi ba, domin tsofaffin injunan Caterpillar suna da nasu layin sadarwa da nasu lambobi, MID da CID da FMI, kuma manhajar Cat ET ce ke jin yarensu sosai. Don haka mai injuna irin waɗannan ya tambaya tukuna kafin ya biya.

Akwai kuma ranar da na'urar ta ƙi haɗuwa da gireda sam, har na fara tsine mata. Na cire batir na auna tsakanin fil C da D na soket ɗin, inda ya kamata mita ta nuna om 60, sai na ga 120. Ɗaya daga cikin resisto biyun, wato ƴan abubuwan tare wuta da ke ƙarshen layin sadarwar, shi ne ya saki saboda ƙura da danshi. Laifin ba nata ba ne.

Maɓallin goge lamba ne abin da na hana yara taɓawa. Suna son sa saboda fitila na mutuwa nan take, ofareta ya yi murna. Amma tsoffin lambobin da ƙwaƙwalwa ta ajiye, da adadin sau nawa kowacce ta faru, su ne tarihin ciwon. Yanzu sai na ɗauki hoton allo da wayata kafin a goge komai.

Idan na'urar ta lalace gobe zan ce wa maigida ya sake sayo wata, amma mai allo mai haske, kuma zan sa a rubuta min a rasit ko tana saitin kulochi ko ba ta yi.