Tangaran ɗin Ding ko na Longquan: da wanne za a fara?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya kan bambancin farin tulun Ding da koren tulun Longquan masu sassaƙa, tsoffin kayan tangaran na ƙasar Sin, da wanda ya dace mai fara tarawa ya nema.

Ding aikin arewacin Sin ne, daga Quyang a lardin Hebei, kuma ya yi tashe a zamanin daular Song ta Arewa, 960 zuwa 1127. Farinsa ba fari fat ba ne, ya yi kama da hauren giwa, domin da kwal ake gasa shi. Jikinsa siriri ne, ba nauyi. Magini kan zana furen bado ko agwagwa da bakin wuƙa tun yumɓun bai gama bushewa ba. Yawancin kwanukan a kife aka gasa su, shi ya sa bakinsu ba shi da sheƙi, wato shafen nan mai kama da gilashi da ake yi wa tangaran, sai a ɗaure shi da tagulla. In ka juya bayan kwanon za ka ga inda ruwan sheƙin ya gangaro ya daskare kamar hawaye.

Sai dai abin da ya saura na Ding galibi kwanuka ne da faranti. Tulu kuwa da wuya ake samunsa. A 2013 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon wani ƙaramin kwanon Ding a New York kan sama da dala miliyan 2, alhali dala 3 aka saye shi. Irin wannan labari ne ke sa 'yan jabu zage damtse.

Longquan daga kudu yake, lardin Zhejiang. Kore ne, mai kauri da nauyi, kuma sheƙin kan taru a ramin sassaƙar har launin ya ƙara duhu a wurin. Gindinsa da ba a shafe ba kan yi ja-ja saboda ƙarfen da ke cikin yumɓun. A zamanin daular Yuan, 1271 zuwa 1368, an yi manyan tuluna masu murfi kamar ganyen bado, aka riƙa fitar da kayan Longquan ta teku, har fadar Topkapi a Istanbul.

Ni dai Longquan zan ce ka fara da shi, don ya fi yawa, za ka sami na gaske da za ka gwada naka da su. Kafin ka biya, nemi takardun da ke nuna hannayen da tulun ya bi, ka haska shi da tocila ka duba ko an yi masa ɗori a wuya ko a murfi.