Veeam, manhajar adana kwafin bayanai ta kyauta, a ƙaramin ofis a Kano: abin da na gani bayan na yi aiki da shi

Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Bompai, masu raba kaya zuwa kasuwar Singa da Sabon Gari da Dawanau. Sabobinmu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai da manhajojin ofis, ba su da yawa, amma gauraye suke. Akwai babba guda ɗaya mai Hyper-V, manhajar Microsoft da ke raba na'ura ɗaya ta zama sabobi da yawa, a cikinta sabobi biyar ke zaune waɗanda ba su da jikin ƙarfe na kansu, su muke kira VM. Sai guda biyu na ƙarfe: ɗaya mai Windows, ita ke riƙe da manhajar lissafin kuɗi da bayanan bashin 'yan kasuwa, ɗaya kuma tsohuwar Linux ce da muke tara rasit da takardun shigar kaya a cikinta. Ta lissafin kuɗin ba za ta iya komawa VM cikin sauƙi ba, domin lasisin manhajarta yana cikin wani ɗan makulli na USB da ake soka mata a baya, shi kuwa Hyper-V ba ya miƙa irin wannan makullin ga VM kai tsaye. Duk wanda ke da irin wannan gamin gambizar ya san ciwon kan da ke cikin neman manhajar bakof, wato ta adana kwafin bayanai don ranar da aka rasa na asali, guda ɗaya da za ta ɗauke su duka.

Abin da na tsaya a kansa shi ne Veeam Backup & Replication, nau'in da suke kira Community Edition, wanda kyauta ne matuƙar na'urorin da kake karewa ba su wuce 10 ba. Namu bakwai ne. Na gamsu da shi, zan kuma ba wa duk mai ofis irin namu shawarar ya gwada shi, amma da sharuɗɗa.

Ma'aunin da na yi amfani da shi wajen zaɓe guda ɗaya ne: idan saba ta mutu da safiyar Litinin, motoci suna layi a ƙofar sito ana jiran a buga takardar fitar da kaya, wa zai tayar min da ita da wuri? Kowace manhaja ta iya nuna maka koren alama ta ce ta kwashe bayanai lafiya. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Don haka kowacce na ɗauka, sai na kwashe sabar lissafin da ita, sannan na yi ƙoƙarin dawo da ita a kan wata na'ura daban, kamar dai ta asalin ta ƙone.

A nan Veeam ya burge ni. Sabar lissafin ta ƙarfe ce, ana sa mata ɗan wakilinsa mai suna Veeam Agent, shi ke kwashe diskin gaba ɗaya. Daga cikin wannan kwafin na tayar da ita a matsayin VM a kan Hyper-V, ba tare da na jira an juye komai ba, domin daga ma'ajiyar bakof ɗin take tashi kai tsaye. Kafin akawunmu ya gama shan shayinsa Windows ta buɗe. Tana da ɗan nauyi, tunda daga ma'ajiya take karatu, amma bayanan suna nan cif. Na kira shi na ce, "Malam, zo ka duba min bashin jiya, ko ya yi daidai da littafinka." Ya zauna ya buɗe rahoton da aka fitar, ya bi layi-layi da bayan biro, ya ce, "Injiniya, ko kwabo bai ɓata ba." Sai dai manhajar lissafin kanta ta nemi makullinta na USB, wanda ke jikin ta asalin. Wannan ba laifin bakof ba ne, amma abu ne da ya kamata mutum ya sani tun kafin ranar tsiya: ko ka tanadi na'urar da ke miƙa USB ta netwok, ko ka tanadi wata kwamfutar ƙarfe da za ka juye sabar a kanta. Veeam yana haɗa maka filas na tayar da na'ura don irin wannan juyin. Nawa yana cikin durowar Alhaji mai kamfanin, a cikin ambulan, da takardar matakai a rubuce da hannu, saboda ba lallai ni ne zan kasance a ofis ranar ba.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda ake kwashe rumbun bayanai yana cikin aiki. Idan ka kwafi fayil ɗin rumbu irin na SQL Server haka kawai ana tsakiyar rubutu a cikinsa, kana iya samun kwafin da ba zai buɗu ba. Veeam yana amfani da wani tsarin Windows mai suna VSS, ya sa rumbun ya ɗan tsaya cak na wani ɗan lokaci, ya ɗauki hotonsa a daidaice, sannan aiki ya ci gaba. Sai ka kunna wannan da kanka a cikin saitin aikin, ka ba shi sunan mai izini da kalmar sirri. Kada a tsallake wurin nan.

Na duba wasu kafin na yanke. Windows Server Backup yana zuwa tare da Windows, ba ko sisi, yana kuma aiki, amma kowace saba da nata daban, babu allo guda da za ka ga komai, Linux kuwa ba ruwansa da ita. Active Backup for Business na Synology ya ɗauki hankalina sosai: yana kwashe VMware (takwarar Hyper-V ta wani kamfani) da Hyper-V da na'urorin ƙarfe, ba a biyan lasisi, sai dai dole ka sayi akwatin ajiyarsu, kuma ba kowane samfuri ke ɗaukarsa ba. Ga wanda zai sayi akwatin dama, zaɓi ne mai kyau. Mu muna da tsohuwar saba da diskoki a ajiye, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 duk abin da farashinsa ke bin dala sai Alhaji ya tambaye ka sau uku kafin ya sa hannu.

Wanda ya fi ba ni sha'awa a cikinsu shi ne Proxmox Backup Server, na wani kamfani da ke Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda ya fito a 2020. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, ba ta da nauyi, ta kuma iya matse bayanai ta yadda ba ta ajiye abu ɗaya sau biyu. Tun da Broadcom ya saye VMware a ƙarshen 2023 ya daina sayar da lasisin dindindin, ƙananan ofisoshi da yawa sun karkata zuwa Proxmox. Abu biyu suka hana ni. Na farko, ba shi da wakili na Windows, ga shi kuwa sabar da ta fi komai muhimmanci a wurinmu Windows ce ta ƙarfe. Na biyun ya shafi wutar garin nan. Proxmox ɗin yana gane wuraren da suka canza a diskin VM ne ta wata taswira da ke zaune a ƙwaƙwalwar na'ura, da zarar VM ta mutu taswirar ta tafi, sai ya sake karanta diskin daga farko a zagaye na gaba. A ƙasar da saba ke shekara ba ta mutu ba wannan ba komai ba ne. A nan kuwa, ranar da aka ɗauke wuta cikin dare, batirin inbata ya gaji kafin maigadi ya tayar da janareta, komai sai ya mutu. Hyper-V tun daga Windows Server 2016 yana rubuta tasa taswirar a kan diski, Veeam kuma da ita yake aiki.

Yanzu ga inda Veeam yake da nauyi. Manhaja ce babba. Nau'i na 12 da nake amfani da shi sai a kan Windows yake zama, yana zuwa da rumbun PostgreSQL nasa, yana kuma cin ƙwaƙwalwa. Idan ka ɗora shi a kan tsohuwar kwamfuta mai gigabait 4, za ka sha jira. Sauke fayil ɗin girkawar ma aiki ne, gigabait da dama ne, gara a bar shi ya kwana yana sauka. Allonsa cike yake da zaɓuɓɓukan da aka yi don manyan kamfanoni, sabon shiga zai iya ruɗewa. Mai amfani da na kyauta ba shi da layin tallafi irin na masu biya, karatu ne zai fishe shi. Sannan ga 'yan'uwana masu kula da ofisoshi da yawa a kan kwangila: sharuɗɗan na kyautar ba su yarda a yi amfani da shi wajen sayar wa wasu hidima ba, a karanta su da kyau.

Inda za a ajiye kwafin ya fi zaɓen manhajar wuya. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba sai an yi masa dogon bayani a kan na ukun ba. Turawa sukan ce a tura shi ma'ajiyar intanet, amma a yi lissafi tukuna. Layin da ke ɗora megabit 10 a daƙiƙa yana kai kusan gigabait 4.5 a awa. Terabait 2 zai ci sama da kwana 18 ba tsayawa, in har layin bai yanke ba, kuma ranar da kake neman bayananka haka za ka zauna jiran su sauko. Mu diskokin USB muke juyawa. Veeam yana da saiti na musamman don diskokin da ake musanyawa, ba ya rikicewa idan ya ga wani daban. Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci nake cire ɗaya in sa ɗan'uwansa, wanda aka cire ya tafi gidan Alhaji a Nasarawa. A kulle yake da kalmar sirri, domin akwai sunaye da lambobin wayar abokan ciniki a ciki, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta ɗora wa kamfani alhakin tsare su. A cikin jaka mai zif yake tafiya, saboda ƙurar hunturu ba ta raga wa ramin USB.

Abin da ya fi tsorata ni ba gobara ba ce, masu garkuwa da bayanai ne. Irin manhajar nan tana shiga netwok ta kulle komai a nemi kuɗin fansa, kuma masu ita sun san cewa mai bakof ba zai biya ba, don haka bakof ɗin suke fara nema su goge. Tun nau'i na 11 a 2021 Veeam ya kawo ma'ajiya ta Linux wadda idan an rubuta kwafi a cikinta ba ya goguwa sai kwanakin da ka ɗiba sun cika, ko da an sace kalmar sirrin Veeam ɗin. Tsohuwar sabar nan da muke da ita a ajiye ita na mayar haka, na ɗiba mata kwana 14. Ban kuma haɗa sabar bakof da asusun da sauran kwamfutocin ofis ke shiga da shi ba. Shi kansa Veeam yana buƙatar sabuntawa: a watan Maris na 2023 kamfanin ya fitar da gyaran wata ɓaraka da ke iya fallasa kalmomin sirrin da ke ajiye a cikinsa, daga baya kuma masu garkuwa suka yi ta bi ta nan suna shiga wuraren da ba su sabunta ba.

Kullum da safe rahoto yana shigowa imel ɗina, nakan duba shi kafin in taɓa komai. Farkon kowane wata kuma nakan zaɓi saba ɗaya in tayar da ita daga kwafi, a netwok ɗin da ba ya haɗe da na ofis, in sa mai amfani da ita ya duba da idonsa. Saura mana gurbi uku kafin mu cika 10, ga shi ana maganar buɗe sito a Dawanau mai sabarsa. Idan muka haye, lasisin shekara-shekara ne da dala, kuma na riga na faɗa wa Alhaji ya sa shi a kasafin baɗi. Matuƙar sabar lissafin nan tana kan ƙarfe da makullinta a baya, biyan ya fi mana sauƙi a kan raba aikin tsakanin manhajoji biyu.