Le Jardin de Monsieur Li: turaren da sai an matso ake jin sa

Wadda ta tashi cikin humra da turaren wuta, ranar farko da ta fesa Le Jardin de Monsieur Li za ta ɗauka ba ta fesa komai ba. Mu mun saba da ƙamshin da ke riga mai shi shiga ɗaki, ya kuma kwana a labule bayan an tafi. Wannan turare na kamfanin Hermès na Faransa ba haka aka yi shi ba, kuma saboda hakan ne ma nake son sa, na ga ya dace in faɗi yadda yake a jikina kafin wata ta zuba kuɗinta.

Ya fito a shekarar 2015, kuma Jean-Claude Ellena ne ya haɗa shi, Bafaranshe haifaffen Grasse, garin da ya shahara da sana'ar turare a kudancin Faransa. Shi ne na biyar a jerin turarukan lambu da Ellena ya yi wa Hermès, bayan na Bahar Rum a 2003, da na kogin Nilu a 2005, da na bayan damina a Indiya a 2008, da na lambun da ke saman ginin kamfanin a birnin Paris a 2011. Da shi ya rufe nasa jerin kafin Christine Nagel ta gaje shi a matsayin mai haɗa wa kamfanin turare. Monsieur Li ɗin kuwa ba wani mutum ba ne da ya rayu, ƙirƙirarsa aka yi, shi da lambun nasa. Abin da ke gaskiya shi ne Ellena ya je ƙasar Sin ya zaga lambunanta kafin ya zauna haɗi.

Feshin farko lemo ne ke tarbar hanci, amma ba lemon zaƙi ba, ba kuma na tsami ba. Kumkwat ne, wani ɗan ƙaramin lemo na ƙasar Sin mai ruwan zinariya, wanda ake ci har da ɓawonsa, domin ɓawon ne mai zaƙi, cikin kuma da tsami. Sinawa kan ajiye bishiyarsa a tukunya cikin gida lokacin bikin sabuwar shekararsu. A turaren, ɓawon nake ji fiye da ruwan, da ɗan ɗaci-ɗaci mai wartsake mutum, sai na'a-na'a can ƙasa-ƙasa tana sanyaya shi. Kafin in gama ɗaura ɗankwali lemon ya fara ja da baya, yasmin ta fito. A nan ne na fi daɗewa ina shinshinar wuyan hannuna. Yasmin ɗin da muka sani a turarukan Larabawa mai kauri ce, mai maiƙo, wani lokaci har ta hau kai. Ta nan siririya ce, kamar an tsoma furen a ruwan sanyi an tsame, kuma tana tafe da ƙamshin ɗanyen reshe da aka karya yanzu, ruwansa bai bushe ba. Wannan ɗanyen ganyen shi ne ƙashin bayan turaren, shi ke hana furen yin zaƙi ya gundure ka. Daga baya sai komai ya kwanta ya koma wani tsaftataccen miski mai laushi da ke manne a fata.

Na nemi hotunan tsofaffin lambunan birnin Suzhou na ƙasar Sin, waɗanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1997, don in gane abin da mai haɗin ke nufi. Ba gadajen furanni ba ne jere reras irin na Turawa. Tafki ne a tsakiya da kifaye, da duwatsu masu ramuka da ake kwasowa daga yankin tafkin Taihu, da gora, da farar katanga mai ƙofa zagayayya, da hanya mai lanƙwasa da aka yi da gangan don kada ido ya ga komai a lokaci guda. Mafi girmansu an fara gina shi tun farkon ƙarni na 16, wani jami'in gwamnati ne ya yi shi bayan ya ajiye aiki. Wurin zama ne a yi shiru, a sha shayi, a yi rubutu. Da na ga haka sai na daina jiran turaren ya yi ƙarfi, domin abin da aka so kamawa ke nan, iskar da ta bi ta kan ruwa da jiƙaƙƙen dutse.

Batun daɗewa fa, gara a sani tun yanzu. Samfurin eau de toilette ne, wato man turaren da ke ciki bai kai na eau de parfum yawa ba, ballantana tsantsar mai irin wanda muke shafawa. A fatata, idan na fesa da safe, kafin azahar sai na kai hanci kusa nake jin sa. Da hunturu ya fi saurin gudu saboda fata ta bushe, shi ya sa nake ɗan murza basilin marar ƙamshi a wuya da hannu kafin in fesa. Man kaɗe bai yi ba, warinsa na danne shi. Inda ya fi zama shi ne a mayafin auduga, nan kam har washegari akwai saura. Lokacinsa na gaskiya kuwa damina ce, da ranakun zafin bazara da ƙamshin ud ke sa mutum ciwon kai a cikin mota. A irin ranakun nan ne nake gode wa Allah da shi, domin yana sa in ji kamar yanzu na fito wanka.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kada a fesa shi a kayan da aka turara. Hayaƙin sandal da hawi na haɗiye shi gaba ɗaya, kuɗi su tafi a banza. Ni na ware masa 'yan kaya na zuwa ofis da asibiti da ɗaukar yara a makaranta, ban bari su shiga durowar da nake turarawa. Biki da suna kuwa humra tana nan da matsayinta, ban ma gwada kai shi can ba.

Yayata ta karɓi mayafina ta shinshina wata rana, ta ce, "Wai wannan ne na tsadar? Ai ni ban ji komai ba sai lemo." Na ce, "Yaya, ki bar shi a jikinki zuwa anjima." Da za ta tafi sai ta ce in ɗan fesa mata a hijabi. Maigida ma yana ɗauka ran Juma'a idan zai sa farar shadda, kuma yana yi masa kyau, don ba a keɓe shi ga mata ko maza ba.

Kwalbar gilashi ce mai nauyi, launin rawaya ya fi kauri a gindi yana washewa zuwa sama, kuma ana samun mai mililita 50 da mai 100. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, musamman da yadda canji yake yanzu, kuma jabu sun cika gari. An taɓa miƙo mini wata kwalba a wani shago da farashin da ya yi araha fiye da kima. Ina fesawa sai warin alkohol da sabulu, babu ɗacin ɓawon nan ko kaɗan. Wadda ke so ta fara sayen ɗan tsiyaye a wurin wanda ta amince da shi, ta sa shi yini guda cikin rana tana harkokinta, sannan ta yanke shawara kan babbar kwalba. Masu kaffa-kaffa da turaren feshi saboda salla kuma su sani akwai alkohol a cikinsa kamar sauran irinsa.

Kwalbata ta kusa rabi, kuma idan ta ƙare zan sake saye, mai 50 dai, don in ƙarar da ita kafin zafin ɗaki ya canja mata ƙamshi.