Bariyon jirgi marar inji: mai allura, mai kuka ko mai kwamfuta?

Da hutun Sallah ɗan ƙanwata da ke karatu a Folan ya dawo gida Argungu. Muna zaune gindin dogon yaro bayan azahar, rana na dukan ƙasa, sai ya miƙo mini waya. "Kawu, duba min. Mu huɗu muka haɗa kuɗi za mu sayi tsohon Pirat, jirgi marar inji na katako, bariyonsa ya mutu. Wanne za mu saka?" Na ce ya ajiye wayar tukuna ya ɗaga kai. Shirwa uku na kewaya sama da kasuwa, ba wadda ta kaɗa fiffike, sai ƙara nisa suke. Sun sami inda iska mai zafi ke tashi daga ƙasa, suka hau ta. Haka jirgin sama marar inji yake rayuwa. Shirwa a jikinta take jin hawan, mutum kuwa sai da na'ura, wato bariyomita, wadda matuƙa ke taƙaitawa su ce bariyo. Aikinta ɗaya ne: ta faɗa maka mita nawa kake hawa ko sauka a kowace daƙiƙa. Pirat na zubar da kusan mita 0.7 a daƙiƙa ko da iska tana kwance, don haka duk tafiyar neman abin cike giɓin nan ce.

Tun 1928 aka san amfaninta, lokacin da matuƙi Robert Kronfeld, ɗan Ostiriya, ya shiga gasar tsaunukan Rhön na Jamus da ita.

Mai allura shi ne na da, irin na kamfanin Winter na Jamus ko PZL na Folan. Ba ruwansa da batir. Ana haɗa shi da wani ɗan gora mai cin kusan mililita 450, kamar filas ɗin shayi. In jirgi ya yi sama, matsin iska na waje ya ragu, iskar cikin goran ta fito ta ture wani ɗan faifai, allura ta tashi. In an yi ƙasa ta koma ciki, allura ta faɗi. Na taɓa buɗe irin goran nan na tarar da soson tagulla na wanke tukunya a ciki. Na zaci wani ne ya yi wasa, ashe da gangan ake sa shi don kada sauyin zafi ya ruɗa allurar. Aibinsa biyu: yana jinkirin 'yan daƙiƙoƙi kafin ya ba da labari, kuma bebe ne, sai ka kalle shi. Duk da haka ban yarda a cire shi ba. Ranar da batir ya yaudare ka, shi zai kai ka gida.

Mai kuka shi ne wanda nake cewa kowa ya fara da shi. Lantarki ne, yana auna matsin iska kai tsaye, galibi ba ya bukatar gora. Kana hawa yana ƙara mai tsini, bi-bi-bi, da sauri-sauri. Kana sauka muryar ta yi kauri ta ja. Dalilin bai wuce ido ba. A cikin iska guda mai tashi jirage biyar ko shida na iya kewayawa tare, wanda ya dunƙufar da kai yana kallon allura kuwa ya zama haɗari ga kowa. Kamfanin Borgelt na Ostireliya na yin masu sauƙi irin wannan, har da waɗanda ke da ƙananan batura na ko-ta-kwana. Nemi wanda ke nuna matsakaicin hawa na daƙiƙa 20 zuwa 30, domin allura kan yi tsalle zuwa 4 a gefe ɗaya na kewayo ta dawo 0 a ɗaya gefen, kai kana ta murna alhali 1 kake samu.

Sai manyan, masu kwamfuta, irin S80 da S100 na kamfanin LXNAV ko Era na kamfanin LX Navigation, dukkansu daga Sulobeniya. Waɗannan suna lissafa gudun da ya kamata ka yi tsakanin wannan iska da ta gaba bisa tsarin Paul MacCready, Ba'amurken da ya ci gasar duniya a 1956. Suna cire saukar jirgin su nuna maka abin da iskar kanta ke yi, wasu na ɗauke da GPS da rikodin tafiya wanda ake karɓa a gasa. Kuɗinsu ya haura yuro dubu, ka juya shi zuwa naira ka ji yadda kanka zai sara. Ga mai gasa da jirgin zamani, sun biya. Ga ɗalibai huɗu da jirgin katako, babbar riga ce a kan yaro ɗan yaye. Taswira da lissafin komawa fili manhajar XCSoar na yi kyauta a wayar Android.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci ba a jikin allon na'urorin da ke gaban matuƙi yake ba. A wutsiyar jirgi akwai wani siririn bututu mai lanƙwasa da ƙananan huda, matuƙa na ce masa TE. In ka ja sandar tuƙi, jirgi na musanya gudu da tsawo, ya yi sama na ɗan lokaci ba don ya sami iska ba. Bariyon da ba shi da wannan bututu zai yi ta kuka cewa ana hawa, hawan ƙarya. Bututun ne ke soke wannan. Ni na sha a jikina: wata shekara, a tsohon jirgin kulob ɗinmu, robar da ta taho daga wutsiya ta tsage a bayan allo ba wanda ya lura. Na yi ta kewaya iskar da babu ita, na'ura na yi mini kirari, har na sauka a gonar wani manomi. Na'urar sabuwa ce fil, mai tsada. Robar da ta kayar da ni ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Saboda haka na ce wa yaron su fara da gwada bututun da robobi, a tabbata ba inda iska ke zurarewa, kafin su taɓa aljihu. Su auna ramin allon, ko milimita 57 ne ko 80, don kada a kawo kaya ya ƙi shiga. Su duba ko batirinsu na bolt 12 zai ɗauki wuni guda da rediyo a kansa. In na hannu za su saya, su ji kukansa da kunnensu, su kuma kai fuskarsa cikin rana tsaka su ga ko tana karantuwa.

Ya ce, "Kawu, in wata rana muka kawo irinsa gida fa?" Sama dai muna da ita, duk wanda ya ga yadda guguwa ke miƙewa a fako tsakanin Argungu da Birnin Kebbi a watan Maris ya san ƙasar nan na tafasa iska. Amma zafin da ya wuce digiri 40 na busar da roba ya gajiyar da batir, ƙurar hunturu na shiga kowace kafa, zanzaro kuma ba ya ganin ƙaramin rami ya ƙyale, sai ya liƙe shi da laka. Bututun wutsiya sai a cire shi kullum bayan sauka, a toshe mazauninsa.

Da ya koma ya aiko mini da hoton allon: PZL na hannu a ramin sama, ƙaramin mai kuka a ƙarƙashinsa, robobi sababbi.