WeightWatchers: Abin da Kuɗin Mai Rajista Ke Saya, da Abin da Sunan Oprah Ya Sayar

A watan Oktoban 2015, fitacciyar mai gabatar da shirin talabijin a Amurka, Oprah Winfrey, ta sayi kashi 10 cikin 100 na hannayen jarin kamfanin rage ƙiba na Weight Watchers a kan dala miliyan 43 da 'yan kai, aka kuma ba ta kujera a hukumar daraktocinsa. Kafin a tashi daga kasuwar hannayen jari ta New York a ranar da aka sanar da cinikin, farashin hannun jarin kamfanin ya ninka. Tsakanin safiya da maraicen ranar babu abin da ya sauya a tsarin cin abincin da kamfanin ke koyarwa, kuma babu wani sabon bincike da aka fitar. Suna ne kawai ya shigo, kuɗi suka biyo shi. Duk mai son auna wannan kamfani da adalci sai ya raba abu biyu da aka daɗe ana cakuɗawa, wato hidimar da mai rajista ke biya wa kuɗi duk wata, da kuma fuskar da ake tallata hidimar da ita.

Ita hidimar asalinta mai sauƙi ne. A 1961 wata matar aure mai suna Jean Nidetch, a unguwar Queens ta birnin New York, ta fara tara ƙawayenta masu fama da ƙiba a falonta kowane mako, suna faɗa wa juna gaskiyar abin da suka ci, a 1963 kuma zaman ya zama kamfani. Har yau wannan shi ne ƙashin bayan tsarin: mutum ya hau sikeli, ya zauna da irinsa, a ƙarfafa masa gwiwa, ko dai ido da ido ko ta intanet. A ƙarshen shekarun 1990 aka shigo da lissafin maki, inda kowane abinci ke da makinsa, kowane mai rajista kuma ke da adadin da aka ware masa a rana. Sukari da kitse suna ɗaga makin abinci, sinadarin gina jiki yana sauke shi, kuma daga 2017 aka faɗaɗa jerin abincin da ba a ƙirga masa maki ko ɗaya, har ya haɗa da ƙwai da kifi da wake da ƙirjin kaza marar fata. A ganina nan ne kamfanin ya fi cancantar yabo, domin bai haramta wa kowa wani abinci ba, kuma bai tilasta wa mai rajista sayen dafaffen abincinsa na kwali ba, kamar yadda tsarin wasu kamfanonin rage ƙiba, Jenny Craig da Nutrisystem, ya ginu a kai. Rauninsa shi ne ƙidaya tana gundurar mutum, kuma an tsara ta ne domin wanda ke auna abincinsa da cokali da kofi a farantinsa shi kaɗai. Bahaushen da ke zaune a Amurka ko Ingila, wanda zai sa hannu a kwano ɗaya da iyalinsa a ci tuwo da miyar da ba wanda ya auna manjan da aka zuba mata, zai sha kintace fiye da lissafi.

Sakamakon tsarin kuwa an gwada shi, kuma bai kai yadda talla ke zuzutawa ba, bai kuma zama banza ba. A 2011 mujallar likitanci ta Lancet ta buga gwajin da aka yi da mutum 772 a Birtaniya da Jamus da Ostireliya, inda waɗanda aka tura Weight Watchers suka rage kilo 5 da ɗoriya a cikin shekara guda, waɗanda aka bari a hannun likitocinsu na yau da kullum kuma suka rage kilo 2 da ɗoriya. Ya kamata mai karatu ya sani cewa kamfanin ne ya ɗauki nauyin wannan gwaji. A 2015 wasu masana na jami'ar Johns Hopkins suka tattara gwaje-gwajen da aka yi kan irin waɗannan kamfanoni, suka gano cewa bayan wata 12 masu bin Weight Watchers sun fi waɗanda aka ba shawara kawai rage nauyi da kamar kashi 2.6 cikin 100. Ga mai nauyin kilo 100, wannan rata ba ta kai kilo 3 ba. Riba ce ta gaske ga mai gudun ciwon sukari ko hawan jini, amma ba ita ce sabuwar surar da ake nunawa a hotunan "da" da "yanzu" ba.

Wannan giɓi tsakanin abin da bincike ya nuna da abin da mai saye ke mafarki, shi taurari ke cikewa. Kafin Oprah an yi Sarah Ferguson, tsohuwar matar Yarima Andrew na Ingila, wadda ta shafe kusan shekara goma tana tallar kamfanin, an yi mawaƙiya Jennifer Hudson daga 2010, an yi mawaƙiya Jessica Simpson da tsohon ɗan ƙwallon kwando Charles Barkley. Dukkansu 'yan kwangila ne da ake biya. Oprah ta bambanta da su domin ita mai dukiya ce a ciki, saboda haka duk kilon da ta ce ta rage yana iya zama kuɗi a aljihunta. A watan Janairun 2016 ta saki ɗan gajeren bidiyo tana cewa tana son burodi, tana cin sa kullum, kuma duk da haka ta rage nauyin da ya kai kusan kilo 12. A ranar hannun jarin ya tashi da kusan kashi 20 cikin 100. Hannun jarin da ta saya a ƙasa da dala 7 ya haura dala 100 a tsakiyar 2018, shekarar da aka gajarce sunan kamfanin zuwa WW.

Ba na zarginta da yaudara. Ba ta ɓoye jarinta ba, kuma wannan ya ɗaga ta sama da masu tallar shayin rage tumbi a Instagram da TikTok, waɗanda ba sa faɗin nawa aka biya su, balle abin da ke cikin shayin. Sai dai zuba jari shaida ce ta cewa mutum ya yarda hajar za ta sayu, ba shaida ce ta cewa za ta yi wa mai saye aiki ba, kuma wadda ke da mai dafa mata abinci da mai horar da ita ba ma'auni ba ce ga ma'aikaciyar da ke dawowa gida a gajiye ta ɗora tukunya. Tarihinta ma ya isa gargaɗi: a 1988 ta jawo ƙaramin amalanke ɗauke da kitse mai nauyin kusan kilo 30 zuwa dandalin shirinta na talabijin, domin nuna abin da ta zubar bayan watanni tana rayuwa a kan abin sha kawai, kuma da bakinta ta faɗa daga baya cewa nauyin bai daɗe ba ya fara dawowa. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, ita kuwa tallar rage ƙiba a watannin farko ake ɗaukar hotonta.

Abin da ya girgiza kamfanin daga tushe allura ce. A 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da allurar rage ƙiba mai suna Wegovy, wadda a babban gwajinta ta rage wa mutane kamar kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, adadin da lissafin maki bai taɓa kusanta ba. A watan Maris na 2023 WW ya sanar da sayen Sequence, kamfanin da likitocinsa ke rubuta irin waɗannan magunguna ta intanet, a kan fiye da dala miliyan 100, wata biyu bayan haka kuma Jenny Craig ya rufe shagunansa a Amurka. A Disambar wannan shekara Oprah ta shaida wa mujallar People cewa ita ma tana amfani da maganin rage ƙiba. A Fabrairun 2024 ta sanar da barin hukumar daraktocin, ta ce za ta ba da hannayen jarinta kyauta ga gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da ke Washington, farashin hannun jarin ya sake rikitowa, a watan Mayu kuma ta fito ta amsa cewa ta taka babbar rawa wajen yaɗa al'adar takura wa kai a kan abinci. Shekara guda bayan haka, a Mayun 2025, kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, aka shafe masa dala biliyan 1.15, ya ci gaba da aiki. Mai rajistar da ya shafe shekaru yana ɗora wa kansa laifin rashin juriya yana da haƙƙin jin ciwo, ganin cewa wadda aka nuna masa a matsayin hujjar tsarin ta buƙaci abin da tsarin bai ƙunsa ba a lokacin. Alluran ma ba su rufe maganar ba, domin suna da tsada, suna jawo tashin zuciya ga mutane da yawa, kuma binciken da ya bi sawun waɗanda suka daina ya nuna sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara guda.

Wanda zai amfana da WeightWatchers shi ne mai neman rage kilo kaɗan a hankali, wanda ya san halinsa cewa ba ya ɗorewa sai akwai masu jiran ganinsa kowane mako. A gare shi zaman rukunin ya fi manhajar daraja, tunda manhajojin ƙidayar abinci na kyauta suna da yawa. Mai ƙibar da ta riga ta taɓa lafiyarsa ya fara da likitansa kafin ya biya kowane kamfani. Shi kuwa mai niyyar shiga, ya karanta sharuɗɗan biyan kuɗi da kyau, domin rangwamen da ake tallatawa yakan zo ne da alkawarin zama na watanni da dama, kuma rajistar tana sabunta kanta ta ci gaba da cirar kuɗi daga katin banki har sai mai ita ya soke ta da hannunsa.